Rikicin Cikin Gida: Yadda Fidda Ɗan Takara Ya Raba Jam'iyyar Nasara

Saga tana bakin kogin Isa, a kan hanyar Kollo. Tsohon ƙauye ne, amma birnin Yamai ya girma har ya haɗe da shi. Mutanen Saga da yawa manoman shinkafa ne. Inji ke jawo ruwa daga kogi, ruwan ya bi lambatu ɗaya ya shiga fadamar kowa. Wanda ke noma a irin wannan wuri ya san rabon ruwa yana son adalci. In an hana wani ranarsa, rigima ta tashi.

Haka abin yake a siyasa. Kafin zaɓen shugaban ƙasa, kowace jam'iyya sai ta fidda mutum ɗaya da za ta tsayar. Wannan shi ake kira zaɓen fidda gwani. A Amurka, jama'a ne ke jefa ƙuri'a jiha bayan jiha. A Nijar kuwa, kafin a rushe jam'iyyu a 2025, wakilai ne aka riƙa turawa daga jihohi zuwa babban taron jam'iyya, su zaɓi shugaba, shi kuma yakan zama ɗan takara. A nan ne ƴan gida ɗaya suka sha ɓatawa. Labarin jam'iyyar MNSD-Nasara ya nuna yadda abin ke faruwa.

Tanja da Jarmakwai

An kafa MNSD a 1989, zamanin Janar Ali Shaibu. A lokacin ita kaɗai ce jam'iyya a ƙasa. A 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai, jam'iyyu suka yi yawa. Ali Shaibu ya janye daga shugabancin MNSD, sai mutum biyu suka nemi kujerar.

Na farko Tanja Mamadu, mutumin Maine Sorowa a jihar Difa. Ya taɓa riƙe jihar Maraɗi da jihar Tawa. Na biyu Mumuni Adamu Jarmakwai, ɗan gidan sarautar Dosso. Ya taɓa zama ministan harkokin waje. Dukansu tsofaffin hafsoshin soja ne, sun yi aiki tare zamanin Saini Kunce. Kowanne yana da jama'a mai yawa a bayansa.

A watan Nuwamba 1991 wakilai suka zaɓi Tanja. Jarmakwai bai zauna ba. Ya fita da mutanensa, a 1992 suka kafa jam'iyyar ANDP-Zaman Lahiya.

Abin da ƙuri'a ta nuna

Ranar 27 ga Fabrairu 1993 aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. A cikin kowace ƙuri'a 100, Tanja ya samu 34. Mahaman Usman ya samu kusan 27. Mahamadu Isufu ya samu kusan 16. Jarmakwai ya samu 15.

Mai karatu ya haɗa 34 da 15. Za su ba shi 49, wato kusan rabin ƙuri'un ƙasa duka. Wannan ƙarfin gida ɗaya ne da aka raba biyu. A zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris, Jarmakwai ya goyi bayan Mahaman Usman. Usman ya ci da 54, Tanja ya tashi da kusan 46. Jarmakwai ya zama shugaban Majalisar Dokoki, MNSD ta koma adawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bango ya sake tsagewa

Tanja ya ci zaɓe a 1999, ya sake ci a 2004. Hama Amadu ya yi masa firaminista daga 2000 zuwa 2007, shi ne kuma ya riƙe shugabancin jam'iyya. Mutane da yawa na ganin shi ne magaji. A 2007 Majalisa ta sauke gwamnatinsa. A 2008 aka tsare shi a gidan kason Kutukale.

A watan Fabrairu 2009 aka kira babban taron jam'iyya a Damagaram, aka ba Saini Umaru shugabanci. Mutanen Hama suka ce taron bai bi ƙa'ida ba, an yi shi mai kujera yana tsare. Mutanen Saini suka ce jam'iyya ba za ta zauna babu jagora ba. Kowa ya tsaya a kan maganarsa. Mutanen Hama suka fita suka kafa jam'iyyar Lumana. Lumana ta yi ƙarfi sosai a Yamai da jihar Tilaberi, inda a da Nasara ke da jama'a.

A zagayen farko na zaɓen 2011, Isufu ya samu 36, Saini Umaru 23, Hama kusan 20. Na biyu da na uku ƴan tsohon gida ɗaya ne, in an haɗa su sun fi na farko. A zagaye na biyu Hama ya bi Isufu. Isufu ya ci da 58, Saini ya samu 42. A 2015 kuma Albade Abuba ya ja da Saini a kan shugabanci, ya fita ya kafa MPR-Jamhuriya.

Ina rigimar take farawa?

Neman kujera ba laifi ba ne. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma akwai tambayoyi da ke tada faɗa in ba a amsa su da wuri ba. Wa ke da ikon kiran taro? Wa ke rubuta sunayen wakilai? Wa zai ƙirga ƙuri'a, a gaban wa? Wanda ya faɗi, wane matsayi za a ba shi da mutanensa?

In mai neman kujera shi ne mai riƙe da takardar sunaye, abokin takararsa ba zai yarda ba, ko da an yi gaskiya. In wanda ya ci ya tura mutanen wanda ya faɗi gefe, za su nemi wata inuwa. Magoya baya kuma sukan ƙara wa wuta itace. Wani ya kira ɗan'uwansa maci amana. Wani ya ce ai wane ba ɗan yankinmu ba ne. Maganar ƙa'ida sai ta koma maganar ƙabila da gari.

Manya sukan shirya

Abin lura shi ne, manyan da aka yi faɗa dominsu ba su dawwama cikin gaba ba. A 2002 jam'iyyar Jarmakwai ta shiga cikin masu goyon bayan Tanja, shi kansa ya zama ƙaramin abokin mulki, aka ba shi minista. A zagaye na biyu na zaɓen 2004 ya kira jama'arsa su zaɓi Tanja. Shekara 11 bayan rabuwa, sun zauna a tabarma ɗaya.

Talaka da ya ɓata da maƙwabcinsa fa? Babu kujerar minista da za ta shirya su. Ga shi gonarsu ɗaya gefen ɗaya, rijiyarsu ɗaya, makiyayarsu ɗaya. A daminar 2020 kogi ya cika ya shiga gidaje da fadamun Saga. Ruwan bai tambayi kowa jam'iyyarsa ba. Maƙwabci ne ya fi kusa da kawo ɗauki.

Jarmakwai ya rasu a 2009, Tanja a 2020, Hama a 2024. A watan Maris 2025 hukumomin ƙasa suka rushe jam'iyyun siyasa duka. Amma zaɓen shugabanni bai ƙare a karkara ba. Ƙungiyar manoman shinkafa na zaɓen shugaba da ma'aji. Makiyaya na zaɓen masu kula da rijiya. Mata na zaɓen uwar adashi.

A duk irin wannan zaɓe, a tsaida ƙa'ida kafin ranar. A karanta sunayen masu zaɓe da ƙarfi, kowa ya ji. Mai neman kujera kada ya zama mai ƙirga. A ƙirga a fili, a rubuta adadi, kowane ɓangare ya sa hannu. Wanda ya ci ya jawo wanda ya faɗi cikin aiki. Wanda ya iya karatu ya duba takardar da idonsa, ya karanta wa wanda bai iya ba.