Impracticable da impractical: ba Ɗanjuma da Ɗanjummai ba ne

Ɗalibai masu shirin zana WAEC, NECO ko JAMB, ga wasu kalmomin Turanci biyu da za su iya jawo muku asarar maki a sashen da ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa da ma'ana: impracticable da impractical. Sun yi kama, tushensu ma ɗaya ne, amma kowace da aikinta.

Impracticable na nufin abin da ba zai yiwu a aiwatar ba, ko da ya yi daɗin faɗi a baki. A ce an ba ka kwando ka cika randa da ruwa, ko ka kwana kana kai-komo aikin ba zai yiwu ba. Impractical kuwa abu ne mai yiwuwa, sai dai babu dabara a cikinsa. Ba wanda ya hana mutum buga ƙwallo da babbar riga, amma kafin hutun rabin lokaci zai gane kurensa. Ana kuma kiran mutum impractical, irin mai dogon buri wanda ko ƙwan lantarki bai iya canzawa ba. A Turancin yau ba a saba kiran mutum da ɗaya kalmar ba.

Kada a ɗauka wannan wasan kalmomi ne kawai. Sashe na 135 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi cewa idan ƙasa na cikin yaƙin da ya shafi yankinta, kuma shugaban ƙasa ya ga zaɓe ba zai yiwu ba, Majalisar Tarayya na iya ƙara wa'adin mulki, amma ba fiye da wata shida a lokaci guda ba. Kalmar da aka zaɓa a wurin ita ce practicable, ba practical ba. A ganinmu da gangan ne: ba a yarda a ɗage zaɓe don kawai yana da wahala ko tsada ba, sai in ya gagara.

Gaskiya ne Turawan ma kan cakuɗa su a hira, amma mai duba takardar jarrabawa ba ruwansa da wannan. In kun haɗu da impracticable, ku nemi unworkable ko unfeasible cikin zaɓin. Wajen rubutu kuma a kula, im- ake sawa a gaba ba in- ba, domin harafin p ne ke biye, kamar dai a impossible.