Algus a Cikin Katin Memori

Duk wanda ya taɓa sayen tattasai a bakin Komadugu ya san ba a yarda da saman buhu sai an zura hannu can ƙasa; amma ga shi yau mutumin Fulatari, wanda ya sayar da akuyarsa domin ya mallaki salula, yakan shiga kasuwar Diffa ya biya kuɗin katin memori, abin da bai wuce farcen yatsa ba, bisa shaidar rubutun da ke jikinsa kawai.

Ga yadda ha'incin yake. A cikin katin akwai wata ƴar na'ura wadda aikinta ne ta shaida wa salula yawan abin da yake ɗauka, sai maha'inta su koya mata ƙarya, ta ce giga 64 alhali bai wuce 8 ba. Da farko lafiya lau. Ranar da giga 8 ɗin suka cika kuwa, sabon hoto ya hau kan tsoho, sai mutum ya nemi tafsirin azumin bara ko hotunan sunan ɗansa, ya tarar sunayensu na nan, amma sun ƙi buɗuwa.

Kada wani ya zaci wauta ce ta mutanen karkara, domin a 2012 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya ba da rahoton kayayyakin lantarki fiye da miliyan ɗaya da ake zargin jabu ne a kayan sojan ƙasar. Akan ciro tsofaffi daga bola, a kankare bayansu, a shafa baƙin fenti, a buga sabon suna. Masana sukan gano su ba tare da sun fasa ba, ta madubin ƙara girma, da irin hoton da ake ɗaukar karaya a asibiti, wanda ke nuna siraran wayoyin ciki.

Mu ba mu da waɗannan, amma muna da mudu. A cika katin maƙil da fina-finai a kwamfutar mai turi, sa'an nan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In wani ya ƙi, akwai algus. Fikihun Malikiyya ya ba mai saye haƙƙin mayar da hajar da aka ɓoye aibinta, ko da yake, a ganina, sau da yawa shi ma mai teburin cutarsa aka yi tun daga wurin sari. Saboda haka a yi sharaɗin mayarwa gaban shaida kafin kuɗi su bar hannu.