Aikin Ƙabar Yara: Jinkiri Ya Fi Wuƙa Haɗari

A Kajiji da sauran garuruwan Shagari da Bodinga, iyaye da yawa su kan ga kumburi a matsematsin yaro, ya fito in yana kuka, ya koma in ya yi barci, amma su yi shiru don tsoron wuƙar likita. Mu malaman makaranta mun sha ganin irin yaran nan a aji, suna dafe da mara.

Wannan ita ce ƙaba. Wata 'yar kafa ce da ya kamata ta toshe kusan lokacin haihuwa, amma ta zauna a buɗe, hanji yana zurarowa ta ciki. Ta fi kama maza da bakwaini, ta kuma fi fitowa a dama. Ƙabar cibiya ta kan rufe da kanta kafin shekara 5, amma ta matsematsi sai an yi aiki.

Ba za mu ce aikin ba shi da matsala ba. Maraina su kan kumbura na 'yan kwanaki. Wani lokaci ɗinkin ya kan yi ruwa. Wajen yaro 1 cikin 100 ƙabarsa ta kan dawo. Jefi-jefi a kan taɓa jijiyar ƙwan maraina, ya shanye. Bakwaini kuwa numfashinsa ya kan ɗauke bayan maganin barci, shi ya sa a kan kwanar da shi a asibiti.

Amma ku lura: matsalolin nan sun fi yawa in an yi aikin da gaggawa, bayan hanji ya maƙale. A nan ne hanji ke ruɓewa, har a rasa yaro. Jariran da ba su cika shekara 1 ba su suka fi shiga wannan haɗari.

Saboda haka, iyaye, kada ku kai wa wanzami, kada ku jira kaka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da likitocin fiɗar yara. In kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, yaro yana amai, ku kama hanya ko da tsakar dare ne.

Bayan aiki kuma, ku bar ɗinkin a bushe, ban da shafa toka ko man shanu. In kun ga zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburin ciki, ku koma wurin likita a ranar.