Mai Mota Ne, Amma Ina Zai Ajiye Ki?

'Yar uwa, saurayi ya faka dalleliyar mota ƙofar gidanku, ƙawaye sai guɗa. To, idan ƙauye zai kai ki, motar nan ita ce ƙafarki. Cefane, awon ciki, gaishe da su Inna, duk sai da ita. Kasuwar Dambatta ranar Lahadi take ci. In maigida ya fice da mota ran nan, sai wani satin. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, magidanta da yawa suka jingine motocinsu, matan suka koma jiran ɗan acaɓa. Wannan ma da sauƙi. Naƙudar tsakar dare fa, tanki ba ko ɗigo? Tun yana zuwa zance ki tambaye shi nisan asibiti da gidan, sannan ko zai yarda ki koyi tuƙi.