MAHAYAN SALLAH BA ADO KAWAI SUKA YI BA

'Yan uwana 'yan mata, in tambaye ku mana. Ranar Hawan Daushe, in kun caɓa ado kun fita kallo, me idonku ke gani? Na san amsar: saurayi kan doki da rawani mai ƙyalli! To ni dai 'yar Ƙofar Gayan ce, kuma yau so nake ku ƙara buɗe ido.

Mahayan nan rundunar yaƙi ce ta da ake nuna mana. Dubi 'yan lifidi, su da dawakinsu an lulluɓe su da riga mai kauri wadda aka cusa wa audugar rimi don kada kibiya mai dafi ta huda. Maganinta ɗaya, kibiyar wuta. 'Yan sulke kuwa rigarsu zobban ƙarfe ce da aka sarƙa, ga kwalkwali a ka. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne ya shigo da kayan nan uku. Ga 'yan baka, ga 'yan bindiga masu sa mu toshe kunne. Sukuwar da ake yi a ja linzami gaban Sarki a ɗaga hannu, ai cewa ake: "Ran Sarki ya daɗe, a shirye muke."

Ke 'yar uwa, kada ki ce wannan harkar maza ce. Wa ya ja rundunar Zazzau har Nupe da Kwararrafa? Ai Sarauniya Amina ce, wadda har gobe ake kiran ganuwoyi da sunanta.

A garin Tewkesbury na Ingila, duk shekara mutane kan sa kayan ƙarfe su kwaikwayi yaƙin da aka gwabza can a 1471. Su sai sun binciki littattafai, mu kuwa gado muka tarar. A 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Amma fa abin takaici, ganuwarmu tana zaizayewa, wasu har ɗibar ƙasarta suke yi su yi gini. In ta tafi, me za mu nuna wa 'ya'yanmu?

Don haka bana in kin je kallo, riƙe hannun ƙanwarki, ki nuna mata wane ne ɗan lifidi, wane ne ɗan sulke. Ki zauna da kakarki ta ba ki labari tun tana da rai. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, amin.