Ƙibar Da Maganin Taɓin Hankali Ke Kawowa: Kada A Gudu Gara A Tarar Da Zago

A watan jiya wata dattijuwa ta zo kantinmu na magani a nan Bauchi, ta ajiye kwalin Olanzapine a kan kanta. "'Yar nan, ki ba ni shayin rage ƙiba," in ji ta. "Tun da aka ɗora 'yata a kan wannan ƙwayar hankalinta ya dawo, amma kayanta duk sun matse ta. Har tsegumi ake yi a unguwa wai ciki gare ta. Kwana goma ke nan ta daina sha."

Na ce, "Mama, shayin ba zai yi ba. Gobe da safe ku koma wurin likitanta."

Irin wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a wurinmu masu harhaɗa magunguna. Wasu magungunan taɓin hankali suna taɓa sassan ƙwaƙwalwa da ke sanar da mutum ya ƙoshi, sai ya ci, ba a jima ba ya sake jin yunwa. Suna kuma kawo yawan barci da kasala, da bushewar baki da ke sa a yi ta shan kayan zaƙi. Saboda haka ba kwaɗayi ba ne, bai kamata a riƙa yi wa mai jinya gori ba.

Magungunan ba ɗaya suke ba. Olanzapine da Clozapine su suka fi sa ƙiba, Risperidone da Quetiapine na biye da su, Aripiprazole da Haloperidol kuwa nasu kaɗan ne, ko da yake kowanne da tasa illar. Nauyin ya fi hauhawa a watannin farko, kuma yakan jawo ciwon suga, hawan jini da taruwar kitse a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, yawanci saboda cututtukan jiki irin su ciwon zuciya.

Duk da haka, yanke magani kai tsaye ya fi ƙibar haɗari, domin ciwon kan dawo, wani lokaci har sai an kwantar da mutum a asibiti.

Abin da za a yi shi ne a hau ma'auni kafin a fara magani, a sake hawa a mako na 4, na 8 da na 12, daga nan duk bayan wata uku, ana rubutawa a bayan katin asibiti. A gwada suga da kitsen jini tun farko, a maimaita bayan wata uku. Idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, wato mai kilo 60 ya kai 63, a sanar da likita. Yana iya sauya maganin sannu a hankali, ko ya ƙara Metformin, maganin suga da aka tabbatar yana rage irin wannan ƙiba. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A gida kuma, gyaran na kowa ne. Mu Bauchi ba a raba mu da masa, to a rage yawanta, a bar barbaɗa mata suga. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi a maye su da ruwa. A cika rabin kwano da ganye: zogale, rama, alayyaho, kabeji, ga su nan a kasuwar Muda Lawal da ta Wunti. Wake da acca sun fi riƙe ciki. Idan yunwar dare ta taso, a ci gurji ko karas maimakon burodi da shayi. Kada a ware wa mai jinya tukunyarsa daban, gidan duka a ci iri ɗaya.

Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, tana taimakawa ƙwarai, musamman idan wani ɗan'uwa zai riƙa rakiya bayan sallar Asuba ko La'asar. Shayin rage ƙiba na kasuwa kuwa, da dama masu sa gudawa ne kawai, ruwan jiki suke zubarwa su bar kitsen.

Dattijuwar nan ta dawo makon da ya wuce da sabuwar takardar likita. An sauya wa yarinyar magani, kuma ta ce yanzu tare suke zagaye unguwa da sassafe. Allah Ya ƙara sauƙi.