Sex Pistols ko The Clash, Nirvana ko Pearl Jam: Waɗanne mawaƙan tawaye ne suka taɓa masu iko?

Ranar 30 ga Yunin 1994, wasu makaɗa biyu suka zauna gaban wani ƙaramin kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka a birnin Washington. Stone Gossard da Jeff Ament 'yan rukunin mawaƙa na Pearl Jam ne, wanda a lokacin da wuya a sami wani rukunin kiɗan rock da ya fi shi ciniki a ƙasar. Ƙorafin da ya kai su majalisa shi ne kamfanin Ticketmaster ya kankane harkar sayar da tikitin shiga manyan wuraren wasa, yana ɗora wa 'yan kallo kuɗin hidima yadda ya ga dama. Bayan shekara guda Ma'aikatar Shari'a ta rufe binciken da take yi, mawaƙan suka sha ƙasa. Sai a watan Mayun 2024, bayan shekara 30, ita dai wannan ma'aikatar ta maka kamfanin a kotu bisa zargi mai kama da nasu.

Masu sha'awar kiɗan rock sun daɗe suna wani musu da ba ya ƙarewa: Sex Pistols ko The Clash? Nirvana ko Pearl Jam? Wanda ya ji su daga nesa zai ɗauka musun magoya bayan ƙwallo ne. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai tambayar da duk matashin da ya taɓa fita zanga-zanga ya san ta: tsakanin fushin da ke girgiza ƙasa na mako guda da aikin haƙuri da ke cin shekaru, wanne ne ke barin tabo a jikin masu iko?

Kiɗan da kowa zai iya

Zuwa tsakiyar shekarun 1970, kiɗan rock ya zama harkar manya: waƙoƙi masu tsawon minti goma, kayan kiɗa masu tsada, da taurari masu jiragen sama na kansu. Salon punk ya taso ne don ya yi wa wannan tawaye. A wani ƙaramin gidan rawa na New York mai suna CBGB, rukunin Ramones ya riƙa yin waƙoƙi gajeru, masu sauri da amo. Faifansu na farko, wanda ya fito a 1976, waƙoƙi 14 ne cikin kusan minti 29, kuma kuɗin naɗarsa bai wuce dala 6,400 ba.

A Birtaniya ne salon ya sami haƙoran siyasa, don kuwa ƙasar na cikin matsi. Hauhawar farashi ta kai wajen kashi 25 cikin ɗari a 1975, marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, kuma a 1976 gwamnatin jam'iyyar Leba ta kai ƙoƙon bararta ga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, tana neman dala biliyan 3.9, tare da sharaɗin rage kashe kuɗi. Matashin da ya gama makaranta a lokacin layin karɓar tallafin zaman kashe wando ne ke jiransa. Wata ƙaramar mujallar matasa ta buga zanen yadda ake ɗora yatsu a kan jita iri uku kacal, sannan ta ce wa mai karatu ya je ya kafa nasa rukunin. Aƙidar punk ke nan a dunƙule: kada a jira izini, kada a jira ƙwarewa.

Wata 26 na Sex Pistols

Sex Pistols sun fara hawa dandali a Landan a ƙarshen 1975, ƙarƙashin wani manaja mai shagon tufafi, Malcolm McLaren, wanda ya fahimci cewa abin kunya ma haja ce. Ranar 1 ga Disambar 1976 suka yi ashar kai-tsaye a wani shirin talabijin na yamma, washegari jaridu suka cika da su. Kamfanin faifai na EMI ya sallame su a Janairun 1977. Kamfanin A&M ya ɗauke su a watan Maris, ya sallame su cikin mako guda. Duka biyun sai da suka biya su kuɗi kafin rabuwa.

A watan Mayu, ana shirin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gado, suka saki waƙar “God Save the Queen”, wadda ta ari sunan taken ƙasa ta caccaki masarauta da shi. BBC ta haramta saka ta, manyan shaguna suka ƙi sayar da ita, amma duk da haka ta kai mataki na biyu a jadawalin waƙoƙin da aka fi saye, har yau kuma akwai masu zargin cewa hana ta na ɗaya aka yi da gangan. Faifai ɗaya tak suka yi. A Janairun 1978 rukunin ya watse a San Francisco. Bayan shekara guda Sid Vicious, mai kaɗa musu jitar bes, ya mutu sakamakon shan tabar heroin fiye da kima yana ɗan shekara 21, ana tuhumarsa da kashe budurwarsa.

Magoya bayansu na da hujja mai ƙarfi. Wasan da suka yi a Manchester a Yunin 1976 bai tara mutum fiye da 'yan gommai ba, amma daga cikin wannan ɗan taron ne aka sami waɗanda suka kafa Joy Division da The Smiths da The Fall. Wato sun cire wa tsara guda tsoro. To amma idan aka tambayi abin da suke so a yi bayan an rushe, babu amsa. Sid Vicious ya riƙa sanya riga mai tambarin 'yan Nazi don kawai ya ba mutane haushi, a daidai lokacin da masu wannan aƙida da gaske suke dukan baƙi a titunan Landan.

The Clash da gangamin Victoria Park

A nan The Clash suka bambanta. Jagoransu Joe Strummer ɗan jami'in diflomasiyya ne, an haife shi a Ankara, abin da masu suka ba su taɓa barin a manta ba. Shi da Paul Simonon suna wurin lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin 'yan sanda da matasa baƙaƙen fata a bikin Notting Hill na Agustan 1976, kuma daga nan waƙarsu ta “White Riot” ta samo asali, inda suke tambayar abin da ya hana talakawan fararen fata tashi tsaye kamar maƙwabtansu. Sun rungumi kiɗan rege na Jamaika, har Bob Marley ya ambaci sunansu a waƙarsa ta “Punky Reggae Party” ta 1977.

A wannan wata na Agustan 1976 ne fitaccen makaɗi Eric Clapton ya tsaya a dandali a Birmingham ya yi kalaman ƙyamar baƙi, ya kuma yabi ɗan siyasar nan Enoch Powell. Abin ban takaicin shi ne shekara biyu kafin nan waƙar Bob Marley ce ya sake rerawa ta kai shi matsayi na ɗaya a Amurka. Martanin da wasu matasa suka mayar ya haifar da ƙungiyar Rock Against Racism, ta mawaƙa masu yaƙi da wariyar launin fata. Barazanar ta gaske ce: jam'iyyar National Front mai aƙidar korar baƙi ta sami ƙuri'u kusan 119,000 a zaɓen majalisar birnin Landan na 1977.

Ranar 30 ga Afrilun 1978, jama'ar da aka ƙiyasta tsakanin 80,000 zuwa 100,000 suka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park a gabashin Landan, yankin da jam'iyyar ke tinƙaho da shi. The Clash suka yi wasa a dandali ɗaya da Steel Pulse, rukunin rege na baƙaƙen fata daga Birmingham. A babban zaɓen 1979 National Front ta tsayar da 'yan takara 303, ba ta ci kujera ko ɗaya ba.

Ba za a jingina wannan faɗuwar ga kiɗa kaɗai ba. Margaret Thatcher ta riga ta ari harshen tsoron baƙi tun farkon 1978, ta janye wa jam'iyyar masu zaɓe da yawa. Kuma kwana huɗu bayan gangamin aka daɓa wa wani matashi ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki, Altab Ali, wuƙa har lahira a Whitechapel, 'yar tafiya kaɗan daga filin. Abin da gangamin ya yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya daɗe: ya sa wariyar launin fata ta zama abin kunya a wurin ɗimbin matasan da jam'iyyar ke zawarci.

Su ma The Clash ba su tsira daga zargi ba. Sun sa hannu da katafaren kamfanin CBS kan fam 100,000 a 1977, har wani marubucin mujallar matasa ya ce ranar ce punk ya mutu. Sun yi ƙoƙarin wanke kansu ta hanyar farashi: faifan London Calling na 1979 biyu ne a kuɗin ɗaya, Sandinista! na 1980 kuma uku ne, suka yafe wani kaso na ribarsu don ya yi araha. Duk da haka waƙarsu ɗaya tilo da ta kai ta ɗaya a Birtaniya ta kai ne a 1991, bayan an yi tallar wandon Levi's da ita.

Daga garin masu yankan katako

Da guguwar ta lafa a Landan, aƙidar ta koma ƙarƙashin ƙasa a Amurka. A shekarun 1980 rukunai irin su Black Flag suka riƙa zagaya ƙasar cikin tsofaffin motoci, suna buga faifansu da kansu. A Washington, Fugazi sun ƙi duk tayin manyan kamfanoni, suka tsaya kan dala biyar kuɗin shiga wasansu na tsawon shekaru. Wannan hanyar ce ta kai kiɗan har arewa maso yammacin ƙasar, inda matasan Seattle suka gauraya shi da kiɗa mai nauyi da jan ƙafa irin na Black Sabbath. Abin da ya fito aka kira grunge, kalmar da ke nufin dauɗa.

Kurt Cobain da Krist Novoselic sun taso a Aberdeen, garin masu yankan katako da sana'ar ke mutuwa. Faifan Nirvana na farko, Bleach, an naɗe shi kan dala 606 da 'yan kai, ƙaramin kamfanin Sub Pop ya fitar da shi a 1989. Na biyu, Nevermind, ya fito a Satumban 1991 ƙarƙashin babban kamfani, kuma a Janairun 1992 ya ture faifan Dangerous na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya. An sayar da kwafi sama da miliyan 30 a duniya.

Fushin Cobain ciki ya nufa, ba titi ba: mutuwar auren iyaye, kaɗaici, ƙyamar kai. Yana da matsayi kan wasu batutuwa, musamman cin zarafin mata, kuma a 1993 Nirvana sun yi wasan tara kuɗi domin matan da aka yi wa fyaɗe a yaƙin Bosniya. Sai dai kasuwa ta fi shi sauri. Kafin ƙarshen 1992 mai zanen tufafi Marc Jacobs ya kwaikwayi rigunan gwanjo na matasan Seattle ya kai su dandalin nuna kayan ƙawa a New York. Mutumin da ya gina sunansa kan ƙin kasuwa ya wayi gari shi ne hajar. A Afrilun 1994 ya kashe kansa yana da shekara 27, bayan doguwar fama da tabar heroin.

Yaƙin dala ɗaya da santi 80

Cobain ya taɓa sukar Pearl Jam a bainar jama'a da cewa 'yan kasuwa ne da suka laɓe a rigar tawaye, kuma har yau magoya bayan Nirvana na maimaita wannan. Ta fuskar kiɗa akwai ƙamshin gaskiya, domin salonsu ya fi kusa da tsohon rock na manyan filaye. Amma Hausawa sun ce an gaya wa kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa. Idan a ƙasa za a duba, waɗanda aka kira 'yan kasuwan su ne suka sa kasuwarsu a caca.

Faifansu na biyu, Vs., ya sayar da kwafi 950,000 a makonsa na farko a 1993. Suna kan wannan ganiya suka daina yin bidiyon waƙa na tsawon shekaru, sannan suka nemi a sayar da tikitin wasansu kan dala 18, kuɗin hidima kada ya wuce dala ɗaya da santi 80. Ticketmaster ya ƙi. Ƙarfin kamfanin a yarjejeniyoyinsa yake: yakan ƙulla da masu manyan filaye cewa shi kaɗai zai sayar da tikitinsu, yana kuma ba su kaso daga kuɗin hidimar, ta yadda mai fili ba shi da dalilin son a rage. Babban abokin hamayyarsa, Ticketron, tun 1991 ya haɗiye shi da amincewar gwamnati.

Pearl Jam suka kai ƙorafi Ma'aikatar Shari'a, suka soke rangadinsu na bazarar 1994. A 1995 suka yi ƙoƙarin zagaya ƙasar ta filayen da ba sa hannun kamfanin, wanda ke nufin samar da komai da kansu tun daga shinge har banɗaki, rangadin ya yi ta tangal-tangal. Manyan mawaƙa da dama sun yaba musu da baki, suka ci gaba da wasa a filayen Ticketmaster. A Yulin 1995 ma'aikatar ta rufe binciken da sanarwa mai jimla biyu, zuwa 1998 kuma Pearl Jam sun koma waɗannan filaye.

A 2010 gwamnati ta amince Ticketmaster ya haɗe da Live Nation, kamfanin da ya fi kowa shirya wasanni a duniya. Sai da tsarin sayar da tikitin Taylor Swift ya durƙushe a Nuwamban 2022, miliyoyin masoyanta suka yi ca, sannan Majalisar Dattawa ta kira zama a Janairun 2023. A ƙarar da Ma'aikatar Shari'a ta shigar tare da jihohi kusan 30 ranar 23 ga Mayun 2024, ta ce kamfanin na riƙe da kashi 80 cikin ɗari ko fiye na tikitin manyan wuraren wasa a Amurka, ta kuma nemi kotu ta raba shi da Live Nation.